Zuwa ga masu riƙe da ilimin Kano: Don Allah ku ba mu makullin ɗakin kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Mai girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano, da Mai girma Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi, da shugabannin hukumomin da ke kula da makarantun firamare da na sakandare, da iyayenmu shugabannin kwalejojin horar da malamai. Ranku ya daɗe, barkanku da aiki, barkanku da ɗawainiya da mu, Allah ya yi riƙo da hannayenku.

Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a NCE, ɓangaren kimiyya, ban jima da dawowa daga TP ba, wato koyarwar gwaji da ake tura mu makarantu kafin mu kammala. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Muna da wani guruf a WhatsApp da muka buɗe tun lokacin TP ɗin don mu riƙa taimaka wa juna da lesin not da sikim, wato shirin darasi da tsarin darussan zango, daga baya ya koma wajen ƙorafi, kowa ya dawo da yamma sai ya juye abin da ya gani, wasu a cikin birni aka tura su, wasu Kurna, wasu Hotoro, wasu har can Kumbotso da Ungogo. To abin da muka yi ta nanatawa a tsakaninmu ne na ce bari in tattara in miƙo muku, tunda gobe mu ne za a miƙa wa alli a ce mu shiga aji. In kun ga na yi kaushin harshe a wani wajen ku yi min afuwa, 'yarku ce.

Abin da ya taso da maganar shi ne sanarwar da ministan ilimi na tarayya Dakta Tunji Alausa ya yi a 2025 cewa ana son jarabawar WAEC da NECO su koma kan kwamfuta zuwa 2026. Ko an cika wannan wa'adi ko an ɗaga shi, alƙiblar dai ta bayyana, JAMB tun 2015 ta daina takarda da fensir gaba ɗaya, WAEC ta fara gwada kwamfuta da masu zana jarabawar waje tun farkon 2024, mu kanmu jarabawar TRCN, hukumar rijistar malamai, da za ta ba mu lasisin koyarwa a kan kwamfuta ake yin ta. Kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Tambayarmu ita ce wa zai koya wa yaran sabuwar rawar, tunda mu da za mu koyar ɗin ma ba a koya mana ba?

Kuma ba mu manta da ƙoƙarin da aka yi ba. Ranar 8 ga Yunin 2024 Mai girma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, an ware wa ilimi kaso mai tsoka a kasafi, mun ga ajujuwan da aka gyara, mun ga bencina sababbi a wasu wuraren da a da yara a ƙasa suke zama. Wannan ne ma ya ba ni ƙarfin gwiwar rubutowa, don wanda ya nuna yana ji shi ake faɗa wa.

Bari in fara da ɗakin da ya sa na sa wa wasiƙar nan wannan suna. Makarantar da aka tura ni ta 'yan mata ce, ba zan kama sunanta ba don malamanta sun riƙe ni da mutunci kuma ba laifinsu ba ne. A ƙarshen wani dogon bulo akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, an rubuta sunansa da fenti shuɗi a sama, ɗakin kwamfuta. Satina uku ina wucewa ta gabansa ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Da na tambaya sai aka ce makulli yana wajen wane, wane ya ce yana wajen firinsifal, firinsifal ta ce ai tun da aka kawo kayan aka sa ta sa hannu a takarda cewa in wani abu ya ɓata ko ya lalace ita za a tambaya, to ita kuma saura 'yan shekaru ta yi ritaya, ba za ta bari yara su jawo mata abin da zai taɓa mata haƙƙinta ba. Wallahi ban ga laifinta ba, ni ma in ni ce ƙila haka zan yi. Ranar da aka buɗe shi, saboda an ce baƙi za su zo, mu aka sa muka share. Kwamfutoci ne reras a kan tebura an lulluɓe su da tsofaffin atamfofi, ƙurar hunturu ta shige ko ina, ɓera ya ci wayoyin wasu, gizo-gizo ya yi saƙa a bayan wasu, aka tayar da janareto aka kunna, waɗanda suka kawo ba su kai rabi ba. Aka zaɓo yara masu tsaftar yunifom aka zaunar da su kowa ta ɗora hannu a kan kibod, aka yi hoto, baƙi suka tafi, aka kashe janareto, kwaɗo ya koma mazauninsa.

Su kuma yaran darasin kwamfuta suke yi fa duk sati, yana cikin jadawali. Malamin yana zana maus a allo da alli, har da 'yar jelarsa, ya ja kibiya ya rubuta danna hagu danna dama, su kwafa a littafi, ranar jarabawa a ce su faɗi ma'anar maus su kawo amfaninsa guda uku, yarinya ta cinye maki goma cif, alhali in ka miƙa mata shi ba ta san ta ina ake riƙewa ba. Tsakaninta da na gaskiyar taku ashirin ne da kwaɗo biyu.

Illar wannan a gidanmu na gan ta. Ƙanina da ya zana JAMB yaro ne mai ƙoƙari, lissafi ba ya ba shi wahala, amma ranar jarabawar ce rana ta biyu a rayuwarsa da ya zauna gaban kwamfuta, ta farko a wani kafe ne da Baba ya biya masa kuɗin awa ɗaya. Ya dawo yana ba mu labari ido ya yi ja, wai ya ɓata lokaci mai yawa kafin ya gane yadda ake tsallakawa daga darasi zuwa darasi, hannunsa na rawa, yana tsoron kar ya danna abin da zai rufe masa jarabawar gaba ɗaya, na kusa da shi kuwa ɗan wata makarantar kuɗi har ya gama ya miƙe. Ba iliminsa aka gwada ranar ba, sabonsa da na'ura aka gwada. To yanzu ku ɗauki wannan ku ninka da duk yaran makarantun gwamnati na ƙananan hukumomi 44, sannan a ce ba JAMB kaɗai ba har NECO ɗin da gwamnati take biya wa waɗanda suka ci kwalifayin, wato jarabawar tantancewa. Kuɗin gwamnati ne zai tafi, shekarar yaro ce za ta tafi, in mace ce ma sau da yawa shikenan an rufe babin karatun, a ce ai ta gwada ba ta ci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganarmu mu masu shirin zama malamai, kuma nan ne ya fi yi min ciwo. Akwai kwas na fasahar koyarwa, akwai na gabatarwa ga kwamfuta, duk mun yi mun ci. A handawut muka yi su. Na haddace sunayen na'urorin da ban taɓa gani ba, wasunsu ma an daina amfani da su tun kafin a haife ni, na zana furojekta a takardar jarabawa na sa wa kowane ɓangare suna, amma ranar da na fara riƙe ta a hannu sai da na kira wani yaron maƙwabtanmu mai gyaran waya a Farm Centre ya nuna min inda ake soka waya. Shi bai gama sakandare ba. Muna da yawa a aji, kwamfutocin ba su da yawa, ranar firaktikal mutum goma a kan guda ɗaya, namiji ɗaya mai ƙarfin hali ya zauna a kujera sauran mu tsaya a bayansa muna leƙe, mu mata kuwa kun san ba za mu shiga turereniya da maza ba, sai mu koma gefe mu sa hannu a takardar halarta mu tafi. Haka za a ba mu shaida a ce mun iya.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a bar maganar fasaha sai an gama gyara komai ba, don na ga abin da take yi da idona. Ranar da malamin da ke duba ni zai zo, darasina a kan zagayawar jini ne a jiki. Na ari furojekta, na kwana ina shiri, na sauke wani ɗan bidiyo na minti biyu da ke nuna zuciya tana bugawa, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa. Ina haɗawa aka ɗauke wuta. Yara 97 a gabana, malami a baya da biro da fom, gumi har cikin hijabi. Sai kawai na ciro wayata na raba su layi-layi, kowane layi su matso su kalla, na kashe muryar Turancin ina yi musu bayani da Hausa da bakina. Aji ya hargitse, lokaci ya tafi, na san na rasa maki a wajen sarrafa aji. Amma wata yarinya da ke zama can lungu, wadda tun zuwana ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, Malama, to ashe shi ya sa in an taɓa wuyan hannu ake jin abu na motsi? Na ce ƙwarai, kowa ta kama wuyan hannunta. Sai ga aji tsit, yara kusan ɗari kowa na lalubar bugun jininta. Sati biyu na yi ina zana zuciyar nan a allo kamar mangwaro ba wadda ta tambaye ni komai. Gani ya kori ji.

Kun ga kenan ba kayan miliyoyi ne suka yi aikin ba, waya ce mai tsagaggen gilashi da malamar da ta san abin da take son nunawa. Da a ce ajin mutum 40 ne kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta tanada a sakandare, da furojekta ƙarama mai batir, da ban rasa ko minti biyar ba.

Wuta kuwa ba sai na ɓata muku lokaci ba, kun fi ni sani. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya zama kayan ado a makarantu, ba shugabar makarantar da za ta iya sayen fetur don a yi darasin minti arba'in. Duk kwamfutar da aka kai makaranta ba tare da sola ba, an kai ta ajiya ne. Ga rana Allah ya hore mana har muna kuka da ita, a Challawa ma ai akwai tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a farkon 2023, masu shagon caji a unguwanni da faranti biyu suke riƙe da wayoyin layi guda. Haka data, a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari, malamin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 ga haya ga kuɗin adaidaita sahu ga cefane, a ce kuma shi zai sayi data daga aljihunsa ya sauke wa yara darasi? Wasu suna yi, na gansu, Allah ya saka musu. Amma ba a gina tsari a kan sadaka.

Akwai kuma maganar harshe. Yawancin abin da ke intanet na koyarwa da Turanci ne, Turancin ma irin na Amurka da sauri kamar ana korar mai maganar, yaron da ke fama da haɗa jimla ɗaya me zai tsinta? Na san akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da haɗin gwiwar UNICEF a 2022, kuma akwai darussa da Hausa a ciki, amma a guruf ɗinmu da na tambaya 'yan kaɗan ne suka taɓa jin sunansa, ni ma a bakin wata malama na tsinta. Ga shi garin nan cike yake da masu iya ɗaukar bidiyo da tace murya, masana'antar fim guda muke da ita, ga gidajen rediyo birjik, lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu ai ta rediyo da talabijin aka riƙa koyar da yara. Me zai hana a zaɓo gogaggun malamanmu na lissafi da kimiyya, irin waɗanda in sun yi bayani ko dutse sai ya gane, a ɗauke su da Hausa mai kyau tare da kalmomin Turancin da za a tambaya a jarabawa, a zuba a memori a raba? Ba ya buƙatar data, ta Xender ma malamai za su tura wa juna.

Kar kuma a ɗauka ina cewa a raba wa kowane yaro waya ko tablet. A'a wallahi. Ina da ƙanne, na san abin da TikTok ke yi wa lokacin karatu, kuma iyayen da ke hana 'ya'yansu mata waya suna da hujjarsu, ba ƙauyanci ba ne. Mu kanmu a kwaleji yanzu asaimen ya zama a tambayi ChatGPT a kwafe a miƙa, wani ko karantawa ba ya yi, ranar nan wata ta miƙa aiki har da gaisuwar da na'urar ta yi mata a sama. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda za ku yi amfani da abin nan ku shirya darasi, ga yadda za ku gane in ya yi muku ƙarya, ga yadda za ku kama ɗalibin da ya kwafo. Ana dai ta yi mana faɗa. Wasu ƙasashen sun riga mu shiga sun riga mu ƙonewa, Peru ta raba wa yara ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a lissafi da karatu ba, Suwidin da ta yi nisa da na'ura a aji ta juyo tana ƙara zuba kuɗi a littattafan takarda tun 2023. A nan gida Osun ta raba wa ɗalibai tablet a 2013, Edo kuma a 2018 malamai ta ba wa, da darasin kowace rana a ciki. Ku tura a dubo muku wanne ne ya fi jure wahala kafin a sa hannu a wata kwangila. Ni dai a nawa ɗan guntun tunanin hannun malami ya kamata a fara cikawa, yaro kuma a bar masa littafinsa da bironsa, a ƙara masa da awannin zama gaban kwamfuta a makaranta a gaban malami. Mu da muka tashi da allo da tawada a makarantar allo mun san kayan aiki ba ya karantar da kansa, sai da malam a zaune.

To ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

A fara da ƙidaya ta gaskiya, ba ta takarda ba. A shiga kowane ɗakin kwamfuta a kunna, a rubuta guda nawa ke aiki, kuma a je ba tare da an sanar ba don kar a share a jera yara. Sannan a sauke wa shugabannin makarantu wannan tsoron, a fito da takarda a rubuce cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi wajen koyo ba laifin kowa ba ne, wadda ta ruɓe a kulle ita ce abin tambaya. A riƙa duba rijistar shiga ɗakin kamar yadda ake duba rijistar aji.

Kar a ƙara sayen kwamfuta ko ɗaya sai da sola da batir da kuɗin gyara na shekaru a cikin kwangilar. Masu gyaran ma ba sai an ɗauko daga Legas ba, ga matasa nan a Farm Centre da titin Beirut da suka san cikin na'ura kamar yunwar cikinsu, a ɗauki wasu a raba musu shiyya-shiyya, kowa da makarantunsa da zai riƙa zagayawa duk wata, an samar da aiki an kuma ceci kaya.

Kowane ɗalibin SS2 da SS3 a tabbatar ya zauna ya yi jarabawar gwaji a kan kwamfuta sau da dama kafin ta gaske, in makarantarsu babu a haɗa su da maƙwabciya, a buɗe ɗakunan ranar Asabar da lokacin hutu. Makarantun 'yan mata a sa su a gaba, shirin tallafa wa karatun 'yan mata na AGILE da Kano ke cikinsa ai yana da ɓangaren koyar da 'yan mata fasahar zamani, a faɗaɗa abin ya wuce makarantun da suka yi sa'a.

Mu kuma a kwaleji, iyayenmu shugabanni, a daina ba mu makin kwamfuta a kan takarda. Kar a yaye kowa sai ya zauna shi kaɗai ya buga darasi da hannunsa, har da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu, ya haɗa furojekta, ya koyar da ita, sannan a kashe wutar da gangan a ga yadda zai yi. A ware wa mata ranarsu ko layinsu a ɗakin firaktikal. A samar mana da hanyar mallakar laftof ko da ta hannu ce a riƙa cira a hankali in mun fara aiki, kuma tsofaffin malaman da muka tarar a makarantu kar a bar su a baya, horon kwana biyu a otal da alawus da hoto ba ya koya wa mai shekara hamsin riƙe maus, a tura mu wajensu mu zauna da su a ɗakin malamai mu koya musu wannan su koya mana riƙe aji, don a nan sun fi mu nesa ba kusa ba.

In kuna son ganin abin da nake faɗa ba sai kun yarda da bakina ba. Ku zaɓi kowace makarantar gwamnati a cikin birnin nan, ku je ranar Talata da misalin ƙarfe sha ɗaya ba jiniya ba 'yan jarida, ku ce a buɗe muku ɗakin kwamfuta, ku duba agogo ku ga minti nawa za a yi kafin a samo mai makullin.

Na gode da sauraro, Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

'Yarku,
ɗalibar NCE 3, a madadin 'yan uwana da muka yi TP tare,
daga birnin Kano.